Sulhun da Ake Rubutawa a Takarda

A ƙasar Hausa ba a rasa masu shiga tsakani. Idan rigima ta tashi a kan gidan gado ko iyakar gona, kafin maganar ta kai gaban alƙali ta riga ta bi ta hannun dattawan dangi, da limamin unguwa, da mai unguwa, wani lokaci har da dagaci. Addini ma ya ƙarfafa hakan, domin aya ta 128 ta Suratun Nisa'i ta ce sulhu alheri ne, aya ta 35 kuma ta umarci a ɗauko mai sasantawa daga dangin miji da wani daga dangin mata idan aure ya fara tangal-tangal. Abin da na daɗe ina lura da shi shi ne, sulhun zaure sau da yawa yakan ƙare da "a yi haƙuri", kuma wanda ake ba wa haƙurin kusan kullum shi ne mai ƙaramin ƙarfi: matar mamaci, ko ƙanwar da ke jin nauyin ɗaga murya a gaban yayyenta. Ana shafa fatiha a watse ba tare da an rubuta komai ba, bayan shekara biyu kowa ya tuna abin da ya yi masa daɗi.

A nan ne aikin ƙwararren mai sasanci ya bambanta. Jihar Legas ce ta fara buɗe cibiyar sulhu da ke haɗe da kotu a 2002, Abuja ta biyo baya a 2003, ta Kano kuma ta fara aiki a 2009 a ƙarƙashin Babbar Kotun Jiha. Alƙali yana iya tura shari'ar da ke gabansa can, mutum kuma yana iya zuwa da ƙafarsa tun bai shigar da ƙara ba. Mai sasancin ba ya yanke hukunci, ba kuma dangin kowa ba ne, saboda haka babu wanda zai haɗu da shi gobe a wurin suna ya riƙe shi a zuci.

A ɗauki misalin gida guda da mahaifi ya bari, babban ɗa yana zaune a ciki da iyalinsa, 'yan'uwansa mata suna son a fitar musu da rabonsu. A zaure, da zarar ɗaya daga cikinsu ta ce a sayar, sai a ce tana so ta tozarta gidan ubanta. Mai sasanci yakan fara da zaman haɗaka, sannan ya keɓe da kowane ɓangare shi kaɗai, kuma abin da aka faɗa masa a keɓe ba ya kai wa ɗaya ɓangaren sai da izini. A irin wannan zaman ne ake gano cewa ƙanwar ba ta damu da a sayar da gidan ba, kuɗin makarantar 'ya'yanta ne ya tsaya mata a wuya, shi kuma yayan tsoron rasa matsuguni ne ya sa ya kafe. Daga nan sai a kira mai ƙiyasta darajar gidaje ya yi wa gidan kuɗi, malamin da ya san rabon gado ya fitar da kason kowa, a tsara yadda yayan zai biya 'yan'uwansa kashi-kashi, da ranar kowane biya, da abin da zai biyo baya idan ya saɓa. Ba a taɓa kason da shari'a ta yanke wa kowa, kuma duk wadda za ta yafe wani abu sai ta fara sanin adadin abin da take yafewa. Wannan sharaɗin a wurina ya fi komai muhimmanci.

Idan an cimma matsaya, sai a rubuta, kowa ya sa hannu, a kai wa alƙali ya amince da ita ta zama hukuncin kotu, wanda za a iya tilasta aiwatar da shi kamar kowane hukunci. Dokar sasanci da aka sa wa hannu a watan Mayun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta ƙara wa irin wannan yarjejeniya ƙarfi a matakin tarayya. Sai dai a kula, akwai wata hanyar dabam da 'yan kasuwa da kamfanoni suka fi bi, inda ɓangarorin ke naɗa wanda zai saurare su ya yanke hukuncin da dole su bi, kuma da wuya kotu ta soke shi. Wanda zai sa hannu a kwangila ya kamata ya duba wace ce daga cikin biyun aka rubuta masa.

Ba kowace magana ce ta sulhu ba. Fyaɗe da kisan kai laifuffuka ne da ke hannun hukuma, kuma kashe irin waɗannan maganganu a zaure da sunan rufin asiri zalunci ne. Haka nan idan ɗaya ɓangaren yana zuwa zama ne kawai don ya ja lokaci yana sayar da filayen gado a ɓoye, abin da ya dace shi ne a koma kotu a nemi umarnin dakatar da shi, sannan a ci gaba da magana.