Talla a Rediyo da Kalmomin da Ke Zuƙe Alkawari

Ƙaramin kamfani gare ni a Kano, sana'armu shirya talla ta rediyo. Ni ke rubutu da neman aiki, akwai yaron da ke haɗa sauti, sai masu sa murya biyu, mace da namiji. Yawancin masu kawo mana aiki 'yan kasuwar Kwari da Singa ne, da masu makarantu, da masu maganin gargajiya. Jefi-jefi kuma kamfanonin talla na Legas su aiko da rubutun Turanci, su ce a mayar Hausa a naɗa cikin daƙiƙa 30 ko 60.

Na Legas ɗin ya fi tsoka, amma shi ya fi ba ni wahala. Turancin talla cike yake da abin da masu harshen ke kira "weasel words", wato kalmomin da ke zuƙe alkawarin da ke cikin magana. "Weasel" sunan wata 'yar dabba ce mai kama da tunku, wadda aka ce tana huda ƙwai ta zuƙe cikinsa, ta bar ɓawon kamar ba a taɓa ba. Tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ne ya yayata furucin a 1916, yana sukar Shugaba Woodrow Wilson kan batun horon soja na kowa da kowa amma ga wanda ya ga dama. Ai da an ce ga wanda ya ga dama, zancen kowa da kowa ya tashi. Har yau idan Bature ya jefi mutum da furucin nan, zargi ne, ba yabo ba.

A talla, irin su ne "ragin har zuwa kashi 50", da "yana taimakawa wajen yaƙar ƙuraje", da "masana sun ce". Waɗanne masana? Oho. Ragin kuma wataƙila kaya ɗaya tak ya shafa a duk shagon.

Mu ma muna da daɗin baki, kar a ce na wanke mu. Amma idan mai atamfa ya ce, "Hajiya, wannan don ke aka yi ta," Hajiya ta san romon baka ne, za ta taya, ya ce albarka, a daidaita. Rediyo ba haka take ba. Mutanenmu sun yarda da ita. "Ai a rediyo na ji" hujja ce a wajen dattawa da yawa. Mai sauraro na tuƙa Adaidaita Sahu, kunnensa bai kama "har zuwa" ba, rabin kuɗi kawai ya ji. Gobe ya je shago a gaya masa wani farashi, rigimar ta faɗa kan yaron shago da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Shi ya sa nake tambayar mai talla: Alhaji, wane kaya ne aka rage, nawa ya koma, zuwa yaushe? In ya faɗa, shi za mu sa. Na lura ma tallar da ta ambaci farashi da layin shago ta fi kawo ciniki.

Masu magani ne ba ma rabuwa da su lafiya. Kowa so yake a ce maganinsa na warkar da ciwon suga da hawan jini da basir a kwalba ɗaya. Nakan ce a kawo takardar amincewar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, kan tallar tukuna, sannan ga ARCON, hukumar kula da tallace-tallace da ta maye gurbin APCON a 2022, wadda doka ta ce sai ta tantance talla kafin a sa. Wasu su kawo, mu rage zancen zuwa abin da takarda ta ɗauka. Wasu su tattara kwalabensu su tafi wajen mai lasifika a bakin tasha.