Tsoron ƙidaya da siyasar hana ɗaukar ciki a Amurka

Na daɗe ina ɗauka cewa duk ɗan siyasar da aka ji yana adawa da magungunan hana ɗaukar ciki, addini ne ya tsayar da shi, domin haka muka saba gani a tsakaninmu. Sai da na zauna na bi diddigin wannan muhawara a Amurka sannan na gane cewa akwai wani dalili da ya daɗe yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na addini, wanda masu shi sukan furta shi ƙarara a wani zamani, su kuma lulluɓe shi a wani zamanin. Dalilin shi ne tsoron kada a wayi gari fararen fata sun rasa rinjaye a ƙasar da suke ganin tasu ce su kaɗai.

Tsoron ya girmi ƙwayar hana ɗaukar ciki da kusan shekara ɗari. A shekarar 1800, matar farar fata a Amurka takan haifi 'ya'ya kamar bakwai, amma kafin 1900 adadin ya faɗo zuwa ƙasa da huɗu, alhali jiragen ruwa suna ta sauke baƙi 'yan Katolika, da farko daga Ailan, daga baya kuma daga Italiya da gabashin Turai. Wani likita na birnin Boston mai suna Horatio Storer, wanda ya jagoranci yunƙurin likitoci na haramta zubar da ciki tun daga shekarun 1850, bai ɓoye abin da ke cin ransa ba. Ya tambayi matan Furotesta 'yan ƙasa ko 'ya'yansu ne za su cika sababbin yankunan yammacin ƙasar ko kuwa 'ya'yan baƙi, ya kuma ce amsar tana hannunsu. A 1873 aka kafa dokar Comstock, wadda ta haramta aika kayan hana ɗaukar ciki ko bayaninsu ta gidan waya. Shi Anthony Comstock, wanda dokar ta ɗauki sunansa, abin da ya fi damunsa shi ne batsa da lalacewar tarbiyya, amma dokarsa ta zo wa masu lissafin haihuwa daidai wuyansu.

A 1901 masanin zamantakewa Edward Ross ya fito da wata kalma da ke nufin al'umma ta hallaka jinsinta da hannunta ta hanyar ƙin haihuwa. Shugaba Theodore Roosevelt ya ɗauki kalmar ya yayata ta, har ya tsaya gaban taron iyaye mata na ƙasa a 1905 yana zargin macen da ta guje wa haihuwa da gangan, yana kwatanta ta da sojan da ya gudu daga fagen fama. Ba kowace mace yake nufi ba. Matan baƙin da suka shigo ƙasar suna haihuwa yadda ya kamata, kuma haihuwar tasu ce ma ta tayar da hankalin. Bayan shekara goma sha tara, a 1924, majalisa ta kafa dokar shige da fice da ta rarraba gurabe bisa ƙidayar 1890, da gangan domin a toshe ƙofa ga Italiyawa da Yahudawan gabashin Turai, waɗanda yawancinsu bayan wannan shekara suka fara kwararowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda tsoro guda ya haifi manufofi biyu masu kishiyantar juna. A daidai lokacin da ake hana matar farar fata mai hali samun abin da za ta yi tazarar haihuwa da shi, ana kama wasu matan ana ɗaure musu mahaifa da ƙarfin doka. A 1927 Kotun Ƙoli ta amince wa jihar Bajiniya ta yi wa wata matashiya, Carrie Buck, wannan aiki bisa zargin tana da raunin hankali, kuma alƙali Oliver Wendell Holmes ya rubuta cewa zuriya uku ta dolaye ta isa haka. Fiye da mutum 60,000 aka yi wa irin wannan aiki a ƙarƙashin dokokin jihohi. Da farko talakawan fararen fata da masu naƙasa abin ya fi shafa, sannu a hankali kuma nauyin ya karkata kan matan baƙar fata da na 'yan asalin ƙasar da masu jin Sifaniyanci. Fannie Lou Hamer, wadda daga baya ta yi suna a gwagwarmayar 'yancin zaɓe, ta shiga asibiti a Misisipi a 1961 domin a cire mata ƙari, ta fito ba ta da mahaifa, ba tare da an nemi izininta ba. A tsibirin Puerto Rico, inda aka gwada ƙwayar hana ɗaukar ciki a 1956, wani bincike na 1965 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na iyaye mata masu shekara 20 zuwa 49 an riga an ɗaure musu mahaifa.

Faransa ma ta yi wannan baki biyu. Bayan asarar rayukan yaƙin duniya na farko, ta kafa dokar 1920 da ta haramta tallata hanyoyin hana ɗaukar ciki, ba ta kuma sassauta ba sai a 1967, har ƙasashe da dama da ta mallaka a Afirka suka gaji dokar bayan samun 'yancin kai. Amma a tsibirin Reunion, wanda yanki ne na Faransar, hukuma tana ƙarfafa rage haihuwa a shekarun 1960, kuma a 1970 asiri ya tonu cewa an yi ta zubar wa mata ciki ana ɗaure musu mahaifa ba da saninsu ba.

Akwai lokacin da aka zaci magana ta mutu a Amurka. Kotun Ƙoli ta soke haramcin da jihar Connecticut ta ɗora wa ma'aurata na amfani da magungunan hana ɗaukar ciki a shari'ar Griswold ta 1965, ta faɗaɗa 'yancin ga marasa aure a 1972, kuma Shugaba Richard Nixon, ɗan jam'iyyar Republican, shi ya sa hannu a dokar 1970 da ta ware kuɗin tarayya domin tsarin iyali ga masu ƙaramin ƙarfi. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ranar 24 ga Yunin 2022, da kotun ta soke 'yancin zubar da ciki a shari'ar Dobbs, alƙali Clarence Thomas ya rubuta a nasa ra'ayin cewa ya kamata a sake duba hukuncin Griswold. A watan da ya biyo baya Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin kare 'yancin amfani da magungunan hana ɗaukar ciki da ƙuri'a 228 da 195, 'yan Republican takwas kacal suka goyi baya, kuma a Yunin 2024 irin wannan ƙuduri ya kasa samun ƙuri'a 60 da yake bukata a Majalisar Dattawa.

Zalunci ne a ce duk waɗanda suka ƙi ƙudurin wariyar launin fata ce ta motsa su. Cocin Katolika ya sake jaddada haramcinsa a 1968 ta bakin Paparoma Paul na shida, haramcin kuma bai bambanta baƙi da fari ba. Wasu 'yan majalisar sun ce babu mai barazana ga magungunan balle a kare su, wasu kuma sun ce wasu daga cikin magungunan a ganinsu zubar da ciki ne. Waɗannan hujjoji ne da za a iya zama a tattauna. Sai dai ruwa ba ya tsami banza, domin tsohon lissafin Storer ya dawo bakin wasu a fili. Ƙidayar 2020 ta nuna fararen fata da ba 'yan asalin Latin Amurka ba sun sauko zuwa kashi 57.8 cikin ɗari daga 63.7 a 2010, hukumar ƙidaya kuma ta yi hasashen za su gaza rabi wajen shekarar 2045. A 2017 ɗan majalisa Steve King na jihar Iowa ya rubuta a Twitter cewa ba za a iya farfaɗo da wayewarsu da jariran wasu ba. A shekarar ce kuma fararen fata masu zanga-zanga a birnin Charlottesville na jihar Bajiniya suka yi ta rera cewa ba za a maye gurbinsu ba, suna maimaita ra'ayin nan na “babban sauyi” da Bafaranshe Renaud Camus ya yaɗa tun 2011, cewa ana maye gurbin fararen fata da baƙi masu shigowa. Mutumin da ya kashe masallata 51 a Christchurch ta ƙasar New Zealand a 2019 da batun yawan haihuwa ya buɗe takardar da ya bari, wanda kuma ya harbe baƙaƙen fata goma a wani kanti a Buffalo a 2022 sahunsa ya bi.

Ko a mizanin masu wannan tsoro, lissafin ba ya fita. Mata masu hali, waɗanda fararen fata suka fi yawa a cikinsu, za su sami likita da magani ko doka ta ce me, yayin da talakawa ne ƙuntatawa take kamawa, saboda haka haihuwar da za ta ƙaru ba lallai ba ne ta zama wadda suke kwaɗayi. Sannan ita kanta kalmar “farar fata” ba ta zauna wuri ɗaya ba. Jikokin mutanen Ailan da Italiya, waɗanda Storer da Ross suka ji tsoronsu, yau su ake ƙirgawa a cikin rinjayen da ake kukan zai ɓace. Samuel Alito, alƙalin da ya rubuta hukuncin Dobbs, mahaifinsa a Italiya aka haife shi.

Wannan tarihi ya bar tabo a ɗaya ɓangaren, kuma a nan ne ya taɓo mu. Rahoton sirri da aka shirya a ƙarƙashin Henry Kissinger, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, a 1974 ya lissafa Nijeriya cikin ƙasashe 13 da yawan al'ummarsu ya shafi muradun Amurka, don haka da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 bisa jita-jitar cewa an zuba masa maganin hana haihuwa, zargin ya tarar da ƙasa a jiƙe, duk da cewa gwaje-gwaje ba su gaskata shi ba, kuma yara ne suka biya farashin. Baƙaƙen fatar Amurka sun riga mu shiga wannan ruɗani. A 1973 aka ɗauki wasu 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya a Montgomery ta jihar Alabama, Minnie Lee Relf mai shekara 14 da Mary Alice mai 12, aka ɗaure musu mahaifa da kuɗin gwamnatin tarayya, bayan mahaifiyarsu, wadda ba ta iya karatu ba, ta yi alama a kan takarda tana zaton izinin allura ne. Wanda ya ga haka ba za a kira shi mai yawan zato ba idan ya ce ana son a ƙarar da jinsinsa, kuma tun a ƙarshen shekarun 1960 wasu jagororin gwagwarmayar baƙar fata, galibinsu maza, suke kiran tsarin iyali kisan ƙare dangi, suna umartar matansu su yi ta haihuwa domin a yi yawa. Da na karanta kalamansu sai na ji kamar Roosevelt nake saurare, launin fatar mai magana ne kawai ya sauya. Shirley Chisholm, baƙar mace ta farko da aka zaɓa Majalisar Wakilai a 1968, ta amsa musu da cewa wannan zancen maza ne da ake yi domin kunnen maza. Ta ci gaba da goyon bayan asibitocin tsarin iyali, tana kafa hujja da matan baƙar fata da na Puerto Rico da suke mutuwa a birninta na New York a hannun masu zubar da ciki na ɓoye.