Ku auna teburinku kafin ku sayi littafin

Ƙannena masu sha'awar wasan labari na kan tebur, irin su Dungeons & Dragons da danginsa, tambayar da kuka fi yi ita ce wane bugu ya fi kyau. Na daɗe ina amsa ta ba daidai ba, saboda littafin nake dubawa, ban duba mutanen da za su zauna su buga shi ba. Duk kuskuren da zan ambata a nan ni na yi shi da hannuna, kuma kowanne sai da ya ci mini lokaci ko ya sanyaya wa wani ɗan wasa gwiwa.

Na farko shi ne ɗaukar bugu-bugun nan kamar tsani, wato kowane sabo ya fi wanda ya gabace shi. Ba haka ba ne. Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, kuma tun 1977 ya rabu gida biyu: mai sauƙi da ake kira Basic, da mai zurfi da ake kira Advanced. Littafin Basic na 1981 shafi 64 ne kacal, yana kai jarumi daga mataki na 1 zuwa na 3. Bugu na uku ya zo a 2000 bayan kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, kamfanin da ke wallafa wasan, aka gyara shi ya zama 3.5 a 2003. Na huɗu na 2008 ya mayar da faɗa kamar dara a kan taswira mai gidaje, har waɗanda bai yi musu ba da yawa suka koma Pathfinder da kamfanin Paizo ya fitar a 2009 a kan tushen 3.5. Na biyar ya fito a 2014, aka sake masa kwaskwarima a 2024. Kowanne yana da masu buga shi har yau, don kowanne da irin daɗin da aka gina shi ya bayar.

Abin da ban gane da wuri ba shi ne, nauyin dokoki ba wuri ɗaya yake zama ba. Wani wasan nauyinsa yana wajen haɗa jarumi, wani yana kan tebur lokacin faɗa, wani kuma a wuyan jagoran wasa yake shi kaɗai, wato mai tafiyar da labarin da yanke hukunci. Idan ɗan wasa ya ce muku ba ya son wasa mai wuya, ku tambaye shi wanne daga cikin ukun yake nufi.

Ku ɗauki 3.5. Akwai wata baiwa da ke ba mayaƙi damar saran duk maƙiyan da suka kewaye shi a juyi ɗaya. Kafin ya same ta sai ya riga ya mallaki wasu baiwowi huɗu, ga sharaɗin maki 13 a zafin nama da 13 a basira. Wanda bai san haka ba tun ranar da ya haɗa jaruminsa, sai ya yi wata da watanni yana wasa sannan ya tarar ƙofar a rufe take. Akwai mutanen da wannan lissafin shi ne daɗin wasan a wurinsu, suna zama a gida da takarda da biro suna tsara matakai ashirin tun kafin a fara. Kuskurena shi ne zaunar da irin wannan mutum kusa da sabon shiga, na ba su littafi ɗaya na ce kowa ya haɗa nasa. A mataki na 1 bambancin bai fito ba. Zuwa na 6 ɗaya yana gama faɗa shi kaɗai, ɗayan yana kallo. Idan teburinku haka yake a gauraye, ko dai gwanin ya zauna da sabon su haɗa jarumin tare, ko ku taƙaita kowa ga babban littafin 'yan wasa kawai, ban da littattafan ƙari.

Nauyin kan tebur kuwa da agogo ake auna shi. A 3.5, kama abokin gaba da kokawa mataki huɗu ne: shi ya fara samun damar kai maka sara, sai ka jefa dayis don ka taɓa shi, sai ku jefa na gwada ƙarfi, sannan ka shiga gidansa a taswira. A bugun 2014 jifa ɗaya ce tsakaninku, shi ke nan. Ku yi wannan lissafin kafin ku zaɓi wasa. A ce 'yan wasa biyar ne, kowa yana cin minti 3 a juyinsa, jagora yana cin 5 da dodanninsa: zagaye ɗaya minti 20 ke nan, faɗa mai zagaye huɗu awa ɗaya da minti 20. Kowane mutum yana jiran minti 17 kafin layi ya dawo kansa, kuma a nan ne ake fara zaro waya. Idan awa biyu kawai kuke da ita a mako, wasa mai nauyin faɗa zai cinye zaman, labarin bai motsa ba. Idan kuwa ku uku ne ko huɗu, kuna da yammaci guda, kuma kowa ya karanta dokokin jaruminsa, to Pathfinder bugu na biyu na 2019 zai yi muku daɗi ƙwarai. Kowa yana da motsi uku a juyi, hari na biyu ana rage masa 5, na uku 10, don haka dole mutum ya nemi abin yi da motsi na ukun da ya fi sara a banza. Littafinsa na asali ya haura shafi 600, amma tsarin juyin nasa a bayyane yake.

Da na gaji da wannan sai na faɗa kuskure na gaba: na ɗauka ƙaramin littafi yana nufin hutu. A Basic na 1981, abin da doka ba ta faɗa ba jagora ne zai yanke, nan take, kuma gobe ya tuna yadda ya yanke don kada ya saɓa wa kansa. Ga sabon jagora wannan ya fi buɗe shafi wuya. Sannan wasan ba shi da tausayi. Mai sihiri a mataki na 1 sihiri ɗaya yake da shi a yini, makin ransa kuma, wato yawan raunin da zai iya jurewa kafin ya mutu, jifa ɗaya ce ta dayis mai fuska huɗu. Sara ɗaya na iya kashe shi. An gina wasan ne don a guje wa faɗa, a yi dabara, a kwaso dukiya a fita. Wanda ya saba da bugu na biyar ya shigo da halinsa na afka wa kowane dodo, zai rasa jarumin da ya rubuta wa tarihi shafi biyu a rabin awar farko. Ku faɗa wa mutane wannan ƙarara kafin a fara, kuma kowa ya haɗa jarumi biyu.

Haɗa bugu da bugu shi ne inda na fi yin ɓarna. Tsofaffin labaran wasa suna da kyau, ana iya buga su da sabbin dokoki, amma ba a kwafo lambobinsu yadda suke. A tsohon tsari, lambar kariya gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon ƙarfinta. A Advanced bugu na biyu na 1989, sabon jarumi yana da THAC0 na 20, wato lambar da yake nema a dayis don ya samu mai lambar kariya 0, sai a debe lambar kariyar abokin gaba: mai sulke yana da 5, don haka ana neman 15 a dayis mai fuska ashirin. Don juya ta zuwa sabon tsari, ku debe lambar daga 20 idan ta Advanced ce, daga 19 idan ta Basic ce. Ko da haka ba a gama ba, don dodon da ake kira orc yana da makin rai 1 zuwa 8 a Basic, amma 15 a bugun 2014. Abin da ya fi shi ne ku riƙe taswira da labarin, ku ɗauko dodannin daga littafin bugun da kuke bugawa. Hatta tsakanin 2014 da 2024 akwai rami: a na farko jinsin jarumi ne ke ƙara masa makin siffofi, a na biyu kuma asalin sana'arsa ne. Wanda ya ɗebo daga nan ya ɗebo daga can zai samu ƙarin sau biyu.

Kada ku yi gaggawar ƙirƙiro dokokin gida. Na taɓa sa dokar cewa duk wanda dayis ya ba shi 1 a hari, makaminsa ya suɓuce. Ga mai hari ɗaya, hatsarin kashi 5 ne cikin 100. Ga mayaƙin bugu na biyar da ya kai mataki na 11, mai hari uku a juyi, ya haura kashi 14. Dokar ta sa gwani ya fi ɗan koyo yar da takobi, mai sihirin da ba shi ke jefa dayis ɗin ba kuma ko a jikinsa. Haka dokar fifiko take, wadda ake jefa dayis biyu a ɗauki babba: inda ake neman 11, tana ɗaga damar nasara daga kashi 50 zuwa 75. Ba ƙaramar kyauta ba ce, kada ku riƙa raba ta ga duk wanda ya iya tsara magana. Ku buga wasa yadda aka rubuta shi kamar zama shida kafin ku taɓa komai, kuma duk dokar da kuka sauya a rubuta ta a takarda ɗaya da kowa ke iya gani.

Tambayar mutane da baki ma ba ta wadatar, don wanda bai taɓa ɗanɗana abu ba ba zai san ko yana sonsa ba. Ku shirya zama ɗaya na gwaji, awa biyu zuwa uku, da jaruman da kuka riga kuka haɗa, a sa faɗa ɗaya, ciniki ko lallashi ɗaya, da wuri ɗaya na bincike. Taƙaitattun dokokin bugu na biyar suna nan kyauta a intanet, ba sai kun kashe kuɗi ba. Ku lura da wa ke karanta takardar jaruminsa yana neman dabara, wa ke magana da bakin jarumin, wa ke tambayar "me zan jefa?" har karo na biyar. Idan masu wannan tambayar sun fi yawa, ku gwada Call of Cthulhu na kamfanin Chaosium, wanda ya fara fitowa a 1981: gwanintarka lamba ce cikin 100, idan jifarka ba ta haura ta ba ka yi nasara. Ko tsarin Apocalypse World na 2010, da dayis biyu irin na ludo ya isa: 10 zuwa sama nasara, 7 zuwa 9 nasara mai tsada, 6 zuwa ƙasa jagora ya ce ga abin da ya biyo baya. Bayan zaman, ku tambayi kowa shi kaɗai, ba a gaban sauran ba, wane lokaci ne ya ji ya ƙosa.