Mako na Shida da Siffofin Turanci: Inda Na Kai

'Yan'uwana masu koyon Turanci, assalamu alaikum. Yau mako 6 ke nan da na ware littafi guda domin siffofi kaɗai, wato kalmomin da ke bayyana kamanni ko hali ko girman abu, kuma ina so in sanar da ku inda na kai, domin na lura cewa yawancinmu a wuri ɗaya muke yin tuntuɓe.

Makon farko ya zo mini da sauƙi. A Hausa muna cewa farin doki, farar riga, fararen shanu, siffa tana bin jinsi da adadin sunan da ta raɓa, amma a Turanci "white" ita ce dai "white" ko ina ta je. Wannan sauƙin ne ya sa na ɗauka cewa aikin bai wuce haddace ma'anoni daga ƙamus ba, har na cika shafi 12 da jerin kalmomi, kowace da fassararta a gefe.

Kalmar "dogo" ce ta fara nuna mini kuskurena. Mu dogon mutum muke cewa, mu ce doguwar hanya, mu ce doguwar katanga, alhali Bature ya raba wannan ma'ana gida uku. Mutum da bishiya "tall" ne, hanya da igiya da wasiƙa "long" ne, dutse da katanga kuwa an fi ce musu "high". Abin da na fahimta shi ne, "tall" ta fi dacewa da abin da ya miƙe sama daga ƙasa kuma tsayinsa ya fi faɗinsa, ita kuwa "high" tana zuwa ga abu mai faɗi ko wanda ya yi nisa da ƙasa, kamar kantar da hannu ba ya kai mata. Tun daga ranar na daina rubuta siffa ita kaɗai, sai tare da sunan da ta saba zama da shi, kuma wannan ita ce shawarar da na fi so ku ɗauka daga gare ni.

Bayan haka sai batun nauyin kalma, wanda shi ne ya fi cin lokacina. Ƙamus zai iya fassara "slim" da "thin" da "skinny" kusan da abu ɗaya, amma ta farko yabo ce, ta biyu bayani ne kawai, ta uku kuwa tana iya ɓata wa mutum rai, kamar yadda siriri da ramamme ba ɗaya suke ba a kunnen Bahaushe. Haka "cheap" take, tana nufin mai araha, amma sau da yawa tana ɗauke da ma'anar maras inganci, saboda haka wanda yake son yabon farashi kawai gara ya ce "inexpensive". Haka kuma "childlike" yabo ne na tsarkin zuciya irin ta yaro, "childish" kuwa zargi ne na yarinta ga babban mutum.

Wurin da siffa ta zauna ma yana sauya ma'anarta, kuma a nan na yi kuskuren da ya dame ni ƙwarai. Ina rubuta rahoton wani taro, ina so in ce shugabanmu ya makara, sai na rubuta "the late chairman". Wani dattijo da ya duba takardar kafin a raba ta ne ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, ai marigayi ka kira shi." Daidai shi ne "the chairman was late". Irin wannan ne "an old friend", wanda yake nufin abokin da aka daɗe tare, ko da kuwa matashi ne.

Na kuma gyara wata matsala da ta daɗe a bakina, ta siffofin da ke ƙarewa da "-ed" da "-ing". Mai "-ed" tana bayyana abin da mutum yake ji, mai "-ing" tana bayyana abin da ya jawo jin. Wanda ya ce "I am bored" ya gundura, wanda ya ce "I am boring" kuwa cewa ya yi shi ne mai gundurar da mutane.

Tsarin jera siffofi idan sun taru a kan suna ɗaya bai ba ni wahala sosai ba. Ra'ayi ne ke fara zuwa, sai girma, shekaru, fasali, launi, asali, abin da aka yi abu da shi, sannan amfaninsa, shi ya sa ake cewa "a big black leather bag".

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan koma kan "asleep" da "afraid" da "alone", waɗanda ba a ajiye su kafin suna, kuma na riga na rubuta jimla 20 da zan gwada su a ciki.