Saƙar gizo-gizo a takardar lissafi: mako na shida

Salama, 'yan'uwa masu fama da darasin da malamanmu ke kira systèmes dynamiques, wato nazarin abin da ke sauyawa taki bayan taki bisa ƙa'ida guda. Daga Marwa nake rubutowa. Mako shida ke nan ina kan ƙa'idar lojistik, wadda Robert May ya yi bayaninta a mujallar Nature a 1976. Ka ɗauki x tsakanin 0 da 1, ka ninka shi da (1 − x), ka ninka da wata tsayayyar lamba da ka zaɓa, r, abin da ya fito ya zama sabon x, ka sake.

Da r ta zama 2.8, duk inda na fara tsakanin 0 da 1 sai lambar ta zauna a 0.6429. Da na kai ta 3.2 sai ta ƙi zama, tana kai da komo tsakanin 0.5130 da 0.7995. Na haddace wannan tun makon farko, amma da an tambaye ni dalili sai in yi shiru.

Ranar Talata na kai wa malaminmu kukana. Ya ce, "Ajiye kwamfutar nan, ka samo takarda mai gidan dara da fensir." Na ce, "Malam, da hannu?" Ya ce da hannu.

Daren nan bayan isha'i aka ɗauke wuta, na jingina waya da kofin shayi tana haska min. Na zana tudun r·x(1 − x), na ja layin y = x ya ratsa shi. Daga x in hau zuwa tudu, in yi gefe zuwa layi, in sake komawa tudu. A 2.8 fensirin ya dinga kewaya mahaɗar yana matsowa ciki, har zanen ya cushe ya zama baƙin ɗigo. A 3.2 kuwa na fara dab da mahaɗar, a 0.68, sai kowane zagaye ya fi na baya faɗi har ya tsaya kan akwati guda. Nan na gane. Gangarar tudun a mahaɗar ita ce 2 − r. A 2.8 tana ba da −0.8, kowane taki yana rage tazarar da ke tsakanin x da mahaɗar. A 3.2 tana ba da −1.2, kowane taki yana ƙara ta. Matsayar, wato mahaɗar, tana nan daram a 0.6875, korar maƙwabtanta kawai ta koma yi. Wallahi na jima ina kallon takardar nan.

Sai kuskuren da nake so ku guje wa. Ni da abokina muka gwada r = 4, ni daga 0.2, shi daga 0.2001. Takin farko 0.64 da 0.64024. Zuwa taki na 14 lambobinmu ba su ko san juna ba, ni kuwa na dage kalkuletarsa ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau. A r = 4 tazarar kusan ninkawa take a kowane taki. Irin abin da ya samu masanin yanayi Edward Lorenz ke nan a 1961, da ya shigar da 0.506 maimakon 0.506127 a lissafin yanayi. Don haka kada ku datse lamba a tsakiyar aiki, ku bar ta cikin na'urar.

Yanzu ina bin wuraren da zagayen ke rabuwa biyu yayin da r ke ƙaruwa: r = 3, sai 3.4495, sai 3.5441. Na raba tazarar farko da ta biyu na samu 4.75, ga lambar Feigenbaum 4.669, wadda wannan rabon ke kusantowa in aka ci gaba. Mako mai zuwa zan nemo rabuwa ta huɗu da kaina. Wanda ya riga ni samunta kada ya faɗa min tukuna.