Sana'ar haɗa rediyo da kwamfuta a Sabon Garin Zariya

Shagona yana Sabon Garin Zariya, kuma ko da yake gyaran rediyo da amfilifaya ne yake ciyar da ni da yaran shago, aikin da na fi ba muhimmanci shi ne haɗa rediyo mai kamo tashoshin nesa da kwamfuta, ta yadda kwamfutar ce za ta riƙa sauya tasha, ta karanto ƙarfin sigina, ta fara naɗar shiri a lokacin da aka tsara mata, ba tare da an taɓa maɓalli ba. Masu kawo wannan aiki ba su da yawa. Akwai ɗaliban injiniyan lantarki daga Samaru masu aikin kammala karatu, akwai masu nazarin kafofin yaɗa labarai, akwai kuma dattawan da suka saba da gajeren zango tun zamanin da Rediyo Kaduna take shiga gida-gida a kan kilohaz 6090, cikin mita 49.

Hanyar da saƙo yake bi tsakanin na'urorin biyu tsohuwa ce, domin ƙa'idar RS-232 ta fito ne a Amurka tun 1960, kuma har yau ita manyan rediyoyi da yawa suke ji. Fulogin da aka fi amfani da shi yana da ƙafa tara, amma uku ne suke ɗaukar nauyin aikin: ta 2 tana karɓa, ta 3 tana aikawa, ta 5 kuma ita ce ta ƙasa, wato sifilin da ake auna wutar sauran biyun da shi. Wata rediyon tana son kebul miƙaƙƙe, wata kuma sai an gicciya ta 2 da ta 3, alhali a ido kebul ɗin biyu kamarsu ɗaya. Shi ya sa kafin na zargi rediyo nakan ɗauki guntun waya na haɗa ƙafa ta 2 da ta 3 a bakin kebul, na buga harafi a kwamfuta. Idan harafin ya dawo kan allo, ɓangaren kwamfuta lafiya yake, sai a nemi matsalar a gaba.

Inda ake tafka asara shi ne ƙarfin wuta. RS-232 tana aiki da wutar da take kaiwa daga bolt 3 zuwa 15, sama da sifili da kuma ƙasa da shi, yayin da rediyoyi da dama ba su san komai ba sai tsakanin 0 da 5. Wanda ya jona su kai tsaye yana iya ƙona ƙofar rediyon, wato inda saƙo yake shiga da fita, nan take, kuma kayan gyaranta ba a kowace kasuwa ake samu ba. Dole a sa mai daidaita wuta a tsakani, wanda mu kan haɗa da kanmu da ayisi, wato ƙaramin ƙwayar lantarki mai ƙafafu da yawa, mai suna MAX232 da 'yan kafasito. Duk yaron da ya zo koyon aiki, abin da nake fara gaya masa ke nan: "Ɗana, mitar auna wuta za ka fara ɗauka kafin kebul." Ban yarda a jona komai a shagona ba sai an auna.

Bayan waya sai yare, domin kowane kamfani da nasa. Kenwood da haruffa take magana, har mutum zai iya rubuta FA00006090000 ya rufe da waƙafi mai ruwa, rediyon ta koma kilohaz 6090. Icom tana da tsarin CI-V, inda kowane saƙo yake farawa da FE FE ya ƙare da FD, kuma kowace rediyo tana da lambar adireshinta, saboda haka ana iya jera da yawa a kan waya guda. Tsofaffin Yaesu irin su FRG-100 umarni mai gaɓa biyar suke karɓa, a gudun 4800, wato saurin da saƙo yake tafiya a waya. Idan gudun kwamfuta 9600 ne, na rediyo kuma 4800, tamkar kurame biyu ne suke ciniki a cikin duhu. Manhajar Hamlib, wadda kyauta ce, ta san yaren rediyoyi masu yawa, kuma ita nake ba ɗalibai shawarar su fara da ita, ko da yake na fi so su aika umarni ɗaya da hannunsu tukuna, don su fahimci abin da yake gudana.

Yawancin kwamfutocin yanzu ba sa zuwa da ƙofar RS-232, sai an sayi abin juyawa daga USB. Jabu sun cika kasuwa, yau su yi aiki gobe su ƙi, don haka na gwammace na gaya wa mai kaya ya ƙara kuɗi ya sayi na ƙwarai.

Abin da ya fi cin lokacina kuwa shi ne ƙara. Kwamfuta da cajarta da inbata duk suna fitar da hayaniyar lantarki, kebul ɗin kuma yana kwaso ta ya kai wa rediyo, sai tashar da ake ji tar a da ta nutse cikin shuu. A garin da ake yawan ɗauke wuta, kusan kowane gida da inbata ko janareta, don haka matsalar ta fi tsanani. Nakan cire caja na bar kwamfuta a kan batirinta, idan ƙarar ta ragu na san tushenta. Daga nan sai na naɗe kebul a zoben ferait, wato zoben da yake shanye hayaniyar lantarki, na nisanta eriya daga ɗaki, idan ta ƙi kuma na raba wutar na'urorin biyu da ayisi mai aika saƙo ta haske. Wannan mataki na ƙarshe yana ƙara kuɗin aiki, shi ya sa nake sanar da mai kaya tun kafin na kunna abin liƙa dalma, ya amince ko ya haƙura da zoben kawai.