Abin da aikin ofishin kasuwanci a ƙasar waje ke koyarwa: misalin JETRO

Darasin farko da mai wannan aiki ke koya shi ne ofishin kasuwanci ba ya sayar da ko allura. Kunne ne da ido na 'yan kasuwar gida a kasuwar da ba su sani ba. Jakada yana zama da gwamnati a kan yarjejeniya da haraji, jami'in kasuwanci kuwa yininsa yana ƙarewa ne wajen dillalai, masu sito da ma'aikatan kwastan.

Japan ta kafa hukumarta ta bunƙasa kasuwanci da ƙasashen waje, JETRO, a 1958, lokacin da take neman kasuwa ga kayanta bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yau tana da ofisoshi sama da 70 a duniya, har da Legas, Akra, Abijan da Nairobi. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne tana da rassa a kusan kowace jiha ta Japan. A ganina nan ne asirin yake. Mai ƙaramar masana'anta ya shiga reshen garinsu da tambaya, a tura ta Legas, amsa ta dawo masa a harshensa. Ƙasar da ta buɗe ofis a waje ba ta shimfiɗa wannan hanya ta gida ba, rahotanninta a durowa suke kwana.

Shi ma rahoton yana da nasa sharaɗi. A ce "akwai kasuwa mai girma" ba labari ba ne. Ɗan kasuwa yana son lambar kayansa a jadawalin kwastan (ta riɗi 1207.40 ce), harajin shiga, farashin da abokan gasa ke bayarwa, takardun da za a nema a tashar jiragen ruwa, da sunayen masu saye biyar ko shida waɗanda aka je aka ga sitonsu da ido. Tantance mai saye ya fi komai cin lokaci: a duba rajistar kamfaninsa, a ji ta bakin bankinsa, a tambayi waɗanda suka taɓa sayar masa. In an yi sakaci a nan, kaya su isa tasha, mai saye ya ɓace ko ya nemi ragi, kuɗin ajiyar kwantena na hawa kullum. Shi ya sa ake ba sabon shiga shawara kada ya ɗora kaya sai bankin mai saye ya ba da takardar lamunin biya.

Inda amfanin ofis ya fi fitowa shi ne ƙa'idojin lafiyar abinci. Tun 2006 Japan ke aiki da tsarin da ya ce duk maganin ƙwarin da ba a yanka masa iyaka ba, kada ragowarsa ta wuce miligiram 0.01 a kilo ɗaya. Japan kuwa tana cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kusan tan 19 na riɗi, an haɗo shi daga hannun manoma da yawa ta kasuwanni irin Maigatari da Dawanau. Buhuna kaɗan da aka yi wa feshi a sito sun isa su jawo a ƙi kwantenar gaba ɗaya, kuma in aka maimaita, sai a tsananta bincike a kan duk riɗin ƙasar. Haka ta faru da wake: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin da muke kira fiya-fiya. Gargaɗi ya daɗe yana fitowa daga tashoshin Turai kafin hanin. Aikin jami'in kasuwancinmu da ke can shi ne ya isar da irin wannan gargaɗi ga hukumomin gida da masu sito tun garwashi bai zama gobara ba.

Baje koli shi ne ɓangaren da aka fi gani, kamar rumfar Japan da JETRO kan kafa a kasuwar baje kolin duniya ta Legas. Rumfa ba ta da wuya. Aikin yana cikin watanni kafin ta, wajen zaɓen kamfanoni, fito da samfuri daga kwastan da tsara ganawa da masu saye, sannan makonni biyun da ke bayanta. Katin adireshin mai saye da aka karɓa ba a bi sawunsa ba a wannan tsakani, mai shi ya riga ya yi ciniki da wani.

Akwai kuma matsalar sauyin ma'aikata. Jami'in da aka turo daga gida kan yi shekara uku ko huɗu, yana fara gane kasuwa a kira shi. Ma'aikatan da aka ɗauka a ƙasar su ne ke riƙe da lambobin waya da sanin wanda ke cika alkawari, don haka ofishin da ya bari suka tafi saboda ƙarancin albashi, sabon jami'i zai tarar da fayil cike da lambobin da ba a ɗauka.